Neman mafaka a addinin Buddha: wurin wa, kuma gudun me?

A watan Yulin 2025 'yan sandan ƙasar Tailan suka kama wata mata bisa zargin ta yi shekaru tana hulɗa a ɓoye da manyan 'yan zuhudun addinin Buddha, tana ajiye hotuna, daga baya ta riƙa tatsar kuɗi a hannunsu don kada ta tona musu asiri. 'Yan sandan sun ce kimanin baht (kuɗin ƙasar) miliyan 385 ne suka shiga asusunta cikin shekara uku. Aƙalla mutum tara, cikinsu har da shugabannin manyan gidajen ibada, suka rabu da rigar zuhudu. Abin ya yi wa mutanen ƙasar ciwo ƙwarai, domin fiye da kashi 90 cikin 100 nasu mabiya Buddha ne, kuma tun suna yara suke maimaita wasu jimloli uku waɗanda ta ƙarshensu ke cewa ana neman mafaka wurin Sangha, kalmar da yawancin mutane ke fahimta da jama'ar 'yan zuhudu. To in waɗanda aka fake da su ne suka ci amana, ina labarin mafakar?

Mu kuma a nan, tambayar ta fi haka nisa. Bahaushe in ya ji "neman mafaka", ɗayan biyu ne ke zuwa masa a rai: ko ɗan gudun hijira da ya tsallaka iyaka, ko neman tsari irin na "a'uzu billahi". Mutumin da ake kira Buddha kuwa ya mutu fiye da shekara 2,400 da suka wuce, kuma mabiyansa ba su taɓa cewa shi ya halicci sama da ƙasa ba. Me mutum ke nufi in ya durƙusa ya ce ya fake da shi?

Kalmomin da ake furtawa

A Siri Lanka da Tailan da Myanmar da Kambodiya da Laos, inda mazhabar Theravada ta fi ƙarfi, ana faɗin su ne da Pali, tsohon harshen Indiya da aka adana nassoshinsu a cikinsa:

Buddham saranam gacchami.
Dhammam saranam gacchami.
Sangham saranam gacchami.

Ɗan zuhudu ne ke ja, jama'a na maimaitawa, hannuwa a haɗe a ƙirji. In an gama sai a koma a ce "a karo na biyu", a sake, sannan "a karo na uku". Da wannan ake buɗe kusan kowane taron addini: ranar cikar wata, wadda hutu ce a Siri Lanka kowane wata, da jana'iza, da sadakar abinci, da shigar yaro zuhudu. Abubuwan ukun nan, Buddha da Dhamma (koyarwarsa) da Sangha, su ake kira Duwatsu Masu Daraja Uku.

Sarana na nufin wurin fakewa, inuwa, mafaka. Gacchami kuwa "ina tafiya". Wato in za a fassara kai tsaye, cewa ake yi "ina tafiya wurin Buddha a matsayin mafaka". A lura da ginin jimlar: babu roƙo a cikinta. Ba a ce "ka tsare ni" ba, ba a kira kowa ba. Mai magana ne ke bayyana inda ya sa gaba. Nan ta sha bamban da isti'aza, domin Musulmi in ya nemi tsari yana magana ne da Ubangiji Rayayye, Mai ji, Mai ikon kare shi a wannan lokacin.

In ana neman abin da ya fi kusa da ita a rayuwar Hausawa, ni a ganina caffa ce. Mutum ya zo gaban babba ya ce daga yau ni naka ne, inda ka sa ƙafa nan zan sa. Tsoffin masu sharhin nassoshinsu ma haka suka kalli abin. Buddhaghosa, malamin da ya yi aikinsa a Anuradhapura ta Siri Lanka a ƙarni na 5, ya kawo hanyoyi huɗu da mutum ke shiga wannan mafaka: ya miƙa kansa gaba ɗaya, ko ya ɗauki ukun nan a matsayin abin da ya sa a gaba, ko ya amsa sunan almajiri, ko ya rusuna. Ya kuma yi wani bayani da na ga ya dace a riƙe: rusunawar da aka yi don zumunta, ko don tsoro, ko don ladabi ga wanda ya koya maka sana'a, ba ta zama neman mafaka. Sai wadda aka yi bisa yardar cewa a nan ne gaskiya take.

Ta fuskar aiki kuma ta yi kama da ƙofar shiga addini. An ruwaito cewa wani basaraken dangin Buddha mai suna Mahanama ya tambaye shi ta yaya mutum ke zama mabiyi alhali yana zaune a gidansa da iyalinsa, sai ya amsa masa cewa da zarar ya nemi mafaka wurin ukun nan ya zama. Shi ya sa wasu ke kwatanta ta da kalmar shahada. Kwatancin ya yi daidai ta wajen matsayi, amma abin da ke ciki daban ne, tunda shahada shaida ce kan samuwar Allah da kaɗaitakarsa, wannan kuwa ba ta taɓo batun mahalicci ko kaɗan ba.

Inda abin ya faro

Siddhartha Gautama ɗan sarautar ƙabilar Shakya ne, an haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yau, tsakanin ƙarni na 6 da na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya bar gida yana da shekara 29, ya yi shekara shida yana nema, sannan a ƙarƙashin wata bishiya a wurin da yanzu ake kira Bodh Gaya, jihar Bihar, ya ce ya gano bakin zaren wahalar ɗan Adam. Daga nan aka fara kiransa Buddha, wato wanda ya farka. Laƙabi ne, ba sunan yanka ba.

Mutanen farko da suka nemi mafaka wurinsa fatake ne guda biyu, Tapussa da Bhallika, da suka biyo da ayarinsu suka ba shi abinci. Jimla biyu kaɗai suka faɗa, Buddha da Dhamma, saboda a lokacin babu Sangha tukuna. Mutanen Myanmar na cewa fataken nan 'yan ƙasarsu ne, kuma silin gashin da ya ba su shi ne ke binne a ƙarƙashin hasumiyar Shwedagon mai zinariya a Yangon. Sai da ya je Sarnath kusa da Baranasi ya yi wa tsoffin abokan zuhudunsa biyar wa'azi aka sami jama'a, sannan mahaifin wani saurayi mai suna Yasa, attajiri ne, ya zama na farko da ya furta ukun a cike. A shekarun farko ma, da waɗannan jimloli kaɗai ake shigar da mutum zuhudu, kafin a tsara doguwar ƙa'ida.

Akwai wani labari a nassoshinsu da ke nuna yadda suka so a ɗauki wannan mataki. Upali, wani mai dukiya a Nalanda, babban mai tallafa wa 'yan addinin Jain ne. Ya tafi don ya kayar da Buddha a muhawara, sai shi aka kayar, nan take ya ce ya nemi mafaka. Buddha ya ce masa ya dakata ya yi bincike da kyau, domin sanannen mutum irinsa bai kamata ya yi gaggawa ba. Da ya nace, sai ya ce masa to kada ya rufe wa tsoffin malamansa ƙofa, ya ci gaba da ba su sadaka kamar yadda gidansa ya saba.

Wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Ashoka na Indiya ya sa an sassaƙa a jikin dutse a Bairat, cikin Rajasthan ta yau, cewa 'yan zuhudu sun san irin girmamawa da imanin da yake da shi ga Buddha da Dhamma da Sangha. A Japan kuma, dokoki goma sha bakwai da ake danganta wa Yarima Shotoku a shekara ta 604, ta biyunsu umarni ce da a girmama ukun nan. Tun da wuri ke nan kalmomin suka fita daga bakin talaka suka shiga fada.

Gudun me ake yi?

Ba a neman mafaka sai da abin tsoro. A cikin Dhammapada, tarin baitocin da ya fi kowane nassinsu yaɗuwa, an ce mutane in tsoro ya kama su sukan ruga ga duwatsu da dazuzzuka da bishiyoyi da wuraren tsafi, amma wannan ba mafaka ce mai tsirarwa ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Abin da ake gudu a wurinsu ba ya tsayawa a ƙofar daji, domin a cikin mutum yake.

Sunansa dukkha. Ana fassara shi da wahala, amma ya haɗa da rashin gamsuwar da ke bin ko da jin daɗi: tsufa, ciwo, mutuwa, rabuwa da abin so, haɗuwa da abin ƙi, rashin samun abin da ake buri. Kuma a aƙidarsu mutuwa ba ta yanke wannan, saboda ana sake haihuwar mai rai a wata rayuwa gwargwadon aikinsa, a yi ta zagaye ba iyaka. Wannan zagayen shi ne samsara. Koyarwar Buddha ta tsaya a kan magana huɗu: akwai wahala, tushenta ƙishirwar zuciya ce, ana iya kashe ƙishirwar, kuma akwai hanya mai rassa takwas da ke kai wa ga haka. Ƙarshen hanyar shi ne Nibbana, kalmar da asalinta ke nufin mutuwar wuta, wato wutar kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu.

Misalin da malamansu suka fi so shi ne na asibiti: Buddha likita, Dhamma magani, Sangha masu jinya. Likita zai gano ciwo ya rubuta magani, amma ba zai haɗiye maka shi ba. A Dhammapada ɗin dai an ce ku ne za ku yi ƙoƙarin, masu farkawa nuna hanya kawai suke yi. Da ajalinsa ya kusa, yana da shekara 80, hadiminsa Ananda ya damu da wanda zai gaje shi. Bai naɗa kowa ba. Ya ce su zama tsibiri ga kansu, mafaka ga kansu, su riƙi Dhamma mafaka, kuma koyarwa da ƙa'idojin da ya bari su ne malaminsu bayan ba shi.

Saboda haka fakewa da Buddha, a fahimtar Theravada, yarda ce cewa wani ɗan Adam ya taɓa kaiwa ƙarshen wannan hanya, don haka hanyar ba tatsuniya ba ce. Fakewa da Dhamma kuwa ɗaukar maganin ne da niyyar sha.

Sangha: inda rigimar take

Ta ukun ce ta fi jawo magana, kuma ita abin da ya faru a Tailan ya taɓa. Kalmar tana da ma'ana biyu. Akwai Sangha ta zahiri, maza da matan da suka aske kai suka sa riga mai ruwan goro ko ruwan ƙasa. Namijinsu ana kiransa bhikkhu, ma'anarta mai bara, kuma har yau da sassafe za ka gan su a layi ba takalmi, da ƙoƙo a hannu, mutane na zuba musu shinkafa. Ɗan zuhudun Theravada na ƙarƙashin dokoki 227, huɗu daga ciki in ya karya ɗaya ya fita har abada: saduwa, sata, kisan ɗan Adam, da da'awar wani matsayin ruhi da bai kai ba.

Sai kuma Sangha ta biyu, wadda nassoshi ke kira jama'ar maɗaukaka: duk wanda ya kai ɗaya daga matakai huɗu na farkawa, ko yana sanye da riga ko manomi ne a gonarsa. Malamai sun ce wannan ce ainihin abin fakewa, masu riga kuwa wakilanta ne da ido ke iya gani, su ke riƙe da nassi suna koyarwa. Da wannan bambanci ake amsa wa mutumin Bangkok da zuciyarsa ta karaya: wanda ya ci amanarka ya fitar da kansa daga jama'ar tun ranar da ya karya doka, mafakarka na nan.

Amsar tana da ƙarfi a ilmance, sai dai ban ga ta wadatar ba. Tsohuwar da ta yi shekara talatin tana tashi da asuba tana dafa shinkafa ba ta san wata jama'ar ɓoye ba, mai rigar da ke tsayawa a ƙofar gidanta shi ta sani. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma gaya mata cewa asalin garin na can wani wuri da tsabtarsa ba zai mayar mata da abin da ta rasa ba. Bambancin kan iya zama ma hanyar kauce wa gyara, tunda duk wanda aka kama sai a ce dama ba shi ake nufi ba, alhali matsalar kuɗin gidajen ibada da ba mai bin diddiginsu tana nan.

Akwai abin da ya fi wannan muni, wanda mai karatu Musulmi ba zai rasa tunawa ba. A Myanmar, ƙungiyar 969 da ɗan zuhudu Wirathu ya yi fice da ita ta ɗauko sunanta ne kai tsaye daga mafakar nan uku: siffofi tara na Buddha, shida na Dhamma, tara na Sangha. Aka riƙa manna lambar a shaguna da motocin haya don mabiya Buddha su san inda za su yi ciniki su ƙaurace wa Musulmi. A Maris 2013 an kashe mutum fiye da 40 a rikicin Meiktila, yawancinsu Musulmi, kuma daga Agustan 2017 'yan Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh daga farmakin sojoji. Fakewa da guzuma a harbi karsana ke nan a fili: lambar da ake ƙirga siffofin mutumin da ya hana kisan ko da ƙwaro ta koma tutar wariya. Adalci kuma ya sa a faɗi ɗaya gefen. A Mayun 2013, da rikici ya ɓarke a garin Lashio, Musulmi fiye da 1,000 a gidan zuhudun mabiya Buddha suka fake. Kuma a 2007 dubban 'yan zuhudu ne suka kife ƙoƙunansu suka ƙi karɓar sadakar sojoji, suka fito kan titi, aka doke su aka ɗaure su.

Dogaro da kai ko dogaro da wani?

Wanda ya karanta abin da ya gabata zai iya cewa ashe addinin nan ba shi da roƙo ko kaɗan. Wasu marubutan Turai da Amurka haka suke gabatar da shi, falsafa tsantsa da zaman tunani. Duk wanda ya shiga gidan ibada a Asiya ya san ba haka abin yake ba. Ana kunna turare, ana ajiye furanni, ana kai goshi ƙasa sau uku a gaban mutum-mutumi, ɗaya ga kowace mafaka. A Tailan kasuwar layu masu hoton Buddha da na shahararrun malamai babba ce, direbobi na rataye su don tsari daga haɗari. A Siri Lanka ana karanta nassoshin kariya a ɗaura wa mutum farin zare a wuyan hannu. Lokacin annobar korona a 2020, a ƙasashen biyu an yi ta karanta Ratana Sutta, nassin da ke yabon ukun nan yana cewa albarkacin wannan gaskiya a sami lafiya. Kuma ba bidi'ar talakawa ba ce kaɗai, domin a tsohon nassi ma an ce wanda tsoro ya kama a daji ko a kango ya tuna Buddha, ko Dhamma, ko Sangha, tsoron zai gushe.

Abin lura shi ne an yi ƙarnuka ana neman mafakar nan babu mutum-mutumin Buddha. A tsoffin sassaƙe-sassaƙe irin na Sanchi, da sawun ƙafa ko kujerar da ba kowa a kanta ko bishiya ake nuna shi. Sai wajen ƙarni na 1 aka fara sassaƙa siffarsa a Gandhara, yankin Peshawar na yau, da Mathura. Malaminsu zai ce maka rusunawar girmamawa ce da tunatar da kai. Mai tallar da ke roƙon ciniki a gaban siffar kuwa wani abu dabam ke zuciyarsa. A mizanin tauhidin da na tashi a kai hukuncin wannan sananne ne, ba shi na zo warwarewa ba. Abin da nake so a gane shi ne su kansu mabiyan ba bakinsu ɗaya ba.

A gabashin Asiya tazarar ta fi faɗi. A Japan, Shinran, wanda ya rayu daga 1173 zuwa 1263, ya koyar cewa mutumin wannan zamani ba zai iya ceton kansa da ƙoƙarinsa ba, sai dai ya dogara kacokan ga alkawarin wani Buddha mai suna Amida, yana ambaton "Namu Amida Butsu". Mazhabarsa na cikin mafiya girma a Japan har yau. A ɗaya ƙarshen kuma, koyarwar da ake danganta wa Huineng na mazhabar Chan a ƙasar Sin ta ce ukun nan a cikin zuciyarka suke, Buddha farkawarka ce, Dhamma daidaitonka, Sangha tsarkinka.

Mutanen Tibet sun ƙara ta huɗu, suka ma sa ta a gaba: malami, wato lama. A bikin shiga, lama kan yanke ɗan silin gashi daga kan mutum ya raɗa masa sabon suna. Atisha, malamin Bengal da ya isa Tibet a 1042, ya yawaita wa'azi kan wannan batu har aka yi masa laƙabi da malamin mafaka. Almajirin da ke son shiga zurfin karatu kan yi sujada ta miƙewa ƙasa sau 100,000 yana karanta baitin mafaka, aikin da kan ci watanni ko shekaru. Sa malami a wannan matsayi na da haɗarinsa. A 2017 tsoffin almajirai takwas na Sogyal Rinpoche, wanda ya tara mabiya da yawa a Turai, suka rubuta wasiƙa suna zarginsa da duka da cin zarafi, ya sauka daga shugabancin ƙungiyarsa. Dalai Lama, babban jagoran addinin Buddha na Tibet, ya ce mutumin ya zubar da mutuncinsa, ya kuma maimaita cewa bai wajaba almajiri ya bi malami a kan ɓarna ba.

Me ke canjawa ga mutumin gida?

A al'ada, da an gama jimlolin uku sai a bi su da alkawura biyar: barin kisan mai rai, barin ɗaukar abin da ba a ba ka ba, barin fasiƙanci, barin ƙarya, barin kayan maye. Ana furta su ne da lafazin "na ɗaukar wa kaina". Wanda ya karya ɗaya bai fita daga addini ba, zai sake ɗauka ne a taro na gaba. Mafakar kanta tana warwarewa ne in mutum ya koma ya miƙa wuya ga wani malami ko wata koyarwa a matsayin hanyar tsira.

Wannan ne ma ya sa ƙidayar mabiya Buddha ke da wuya. A ƙasar Sin wanda ya yi bikin shiga a hannun malami akan ba shi sunan addini da takardar shaida, amma masu zuwa kunna turare ba tare da sun yi bikin ba sun ninka su nesa. Cibiyar bincike ta Pew ta nuna a 2023 cewa kimanin kashi 4 cikin 100 na manyan ƙasar ne ke kiran kansu mabiya Buddha, alhali kashi 33 sun ce sun yi imani da Buddha ko da waliyyan addinin. A rahotonta na 2025 ta ƙiyasta mabiyan a duniya da miliyan 324 a shekarar 2020, ƙasa da miliyan 343 na 2010.

Ranar da jimla uku suka zama takardar 'yanci

Babu inda nauyin kalmomin nan ya bayyana a zamaninmu kamar Nagpur ta Indiya. Bhimrao Ambedkar an haife shi a 1891 cikin Mahar, ɗaya daga al'ummomin da tsarin jinsi na Hindu ya ɗauka ƙazantattu, ba a taɓa su. Yana yaro a makaranta a kan buhu yake zama shi kaɗai, in ƙishirwa ta kama shi sai wani ya zo ya tsiyaya masa ruwa daga sama don kada ya taɓa mazubin. Ya yi karatu har digirin digirgir a Jami'ar Columbia ta Amurka da kuma Landan, ya zama ministan shari'a na farko bayan 'yancin kai, ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya. A 1935 a garin Yeola ya shelanta cewa an haife shi Hindu ba da zaɓinsa ba, amma ba zai mutu Hindu ba. Shugabannin Musulmi da na Kirista da na Sikh duk sun yi zawarcinsa. Ya yi shekara 21 yana nazari.

Ranar 14 ga Oktoban 1956, shi da matarsa suka tsaya gaban U Chandramani, dattijon ɗan zuhudu ɗan asalin Myanmar, suka maimaita mafaka uku da alkawura biyar. Sannan ya juya ga taron, wanda ƙiyasi ya sa tsakanin mutum 300,000 zuwa 500,000, ya ja musu da bakinsa, ko da yake shi ba ɗan zuhudu ba ne. Ya ƙara musu da alkawura 22 da ya tsara da kansa, cikinsu har da daina bauta wa allolin Hindu Brahma da Vishnu da Rama da Krishna, da ƙin yarda cewa Buddha wani jikin Vishnu ne, da imani da daidaiton 'yan Adam. Bai cika wata biyu ba ya rasu, ranar 6 ga Disamba. Ƙidayar 1951 ta sami mabiya Buddha kimanin 180,000 a Indiya, ta 1961 ta sami fiye da miliyan 3. A ta 2011 sun kai miliyan 8.4, kusan miliyan 6.5 a jihar Maharashtra kaɗai.

Ga waɗannan mutane wahalar da ake gudu tana da fuska da suna: rijiyar da aka hana su sha, haikalin da aka hana su shiga, aikin kwasar mushe da aka gadar musu. Wasu malaman gargajiya na addinin sun soki Ambedkar da cewa ya mayar da hanyar tsira siyasa, ya kuma yi watsi da fahimtar da aka gada kan sake haihuwa. Ni dai ina ganin mutumin da aka gaya wa tun yana ciki cewa ƙasƙancinsa sakamakon zunubin wata rayuwa ce, in ya miƙe a bainar jama'a ya zaɓi wa kansa malami da jama'a, ya fahimci kalmar mafaka fiye da mai sukarsa.

Zaɓin bai zo musu a banza ba. Masu sauya addinin sun rasa gurabun karatu da na aiki da gwamnatin tarayya ke keɓe wa ƙasƙantattun al'ummomi, sai a 1990 aka gyara doka aka mayar musu. Wariya ma ba ta kau ba: a 2006 a ƙauyen Khairlanji na Maharashtra, gungun mutane suka kashe uwa da 'ya'yanta uku daga wani gida na mabiya Buddha 'yan al'ummar Mahar. Ta fuskar ilimi kuwa an ga canji, domin a ƙidayar 2011 masu iya karatu da rubutu cikin mabiya Buddha sun haura kashi 81 cikin 100, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 73 ne.

Har yanzu maganar ba ta huce ba. A Oktoban 2022 wani minista a gwamnatin birnin Delhi, Rajendra Pal Gautam, ya ajiye muƙaminsa bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo halartarsa wani taro inda dubban mutane suka karanta alkawuran nan 22. A Afrilun 2024 gwamnatin jihar Gujarat ta fitar da sanarwa cewa addinin Buddha addini ne dabam da na Hindu, don haka duk Hindun da zai koma cikinsa sai an nemi izinin babban jami'in gunduma tukuna, kamar yadda dokar jihar ta 2003 ta tanada. Duk shekara kuma, a ranar bikin Vijayadashami da ta dace da ranar da Ambedkar ya zaɓa, dubban ɗaruruwan mutane sanye da fararen kaya kan cika filin Deekshabhoomi a Nagpur, inda aka yi taron 1956, cikinsu har da sababbin da suka zo daga wasu jihohi don su furta jimlolin uku a karo na farko.